Fashin baƙi: girka kanel ɗin da ka gina da hannunka alhali ba ka da mabuɗin root

A makon jiya bayan la'asar wani ƙanen abokina ya tarar da ni wurin mai shayi a Yelwa, laftof a hammata, idanu jajur saboda rashin barci. Kwamfuta yake karanta a ɗaya daga cikin manyan makarantun nan na Bauchi, kuma aikinsa na kammala karatu a kan kanel ɗin Linux ne, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Ya taɓa wasu layuka a ɓangaren da ke raba wa manhajoji lokacin aiki, yana so ya auna ya ga ko gyaran ya ƙara sauri. Laftof ɗinsa ta tsufa, da an ɗora mata aiki mai nauyi sai fanka ta kama kuka kamar injin markaɗe, shi ya sa ya koma kan babbar sabar sashensu, wato kwamfutar da ake shiga daga nesa, inda kowane ɗalibi ke da asusunsa amma ba wanda aka ba wa kalmar sirrin admin, wato ta root, asusun da ke da iko a kan komai.

"Yaya, kusan awa uku tana kompayil, ko kuskure ɗaya babu. Ina buga make install sai ta ce mini Permission denied. Na je wajen Malam mai kula da ɗakin kwamfuta, ya ce ko ƙanen babansa ne ba zai ba shi root a wannan sabar ba. Don Allah babu wata dabara?"

Na ce ya zauna a haɗa masa shayi, domin tambayar tasa a baki ɗaya ce amma a ciki uku ce, kuma cakuɗa su ne ke sa mutum ya kwana yana dukan bango. Akwai gina kanel, wato kompayil ɗin nan, akwai ajiye fayilolinsa a wani wuri, akwai kuma sa kwamfuta ta tashi da shi. Na farko ba ya neman izinin kowa. Na biyu ma haka, muddin a ɗakinka za ka ajiye. Na ukun ne ke da mai gadi a bakin ƙofa.

Wane ne ya ce masa a'a?

Duk manhajar da kake gani a allo, burauza ce ko ta rubutu ko ta kallon bidiyo, ba ta taɓa faifan ajiya ko katin intanet da hannunta. Roƙo take yi. Wanda ake roƙa shi ne kanel. Shi ke raba ƙwaƙwalwa, shi ke cewa wannan manhaja ta yi aiki yanzu waccan ta jira, shi ke magana da kowace na'ura da ke maƙale a jikin kwamfutar. Furosesocin Intel da AMD suna da matakan iko huɗu da ake kira zobba, daga 0 zuwa 3, Linux kuma biyu kawai yake amfani da su: kanel yana zobe na 0 inda babu abin da aka hana shi, sauran kowa da kowa suna zobe na 3.

Kowa da kowa ɗin nan har da root. Shi root, wanda Linux ya gada daga Unix ɗin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969, asusu ne mai lamba 0 wanda kanel ba ya cika musa masa. Babban bafade ne, amma ba shi ne sarki ba. Kuma kalmomin nan biyu da suka ɓata wa yaron nan rai, Permission denied, wato an hana izini, kanel ɗin da ke kan aiki a wannan lokacin ne ya furta su. Ya duba foldar /boot, inda ake ajiye kanel ɗin da kwamfuta ke tashi da shi, ya ga ta root ce, ya duba mai roƙo, ya ga ɗalibi ne, ya ce a'a.

To ka ga inda gizo ke saƙa. Izinin fayiloli, katangar da ke tsakanin asusun wannan ɗalibi da na wancan, sirrin abin da ke cikin ƙwaƙwalwa, duk kanel ne ke tsaron su. Wanda ya samu damar canza kanel ya canza mai gadin ne gaba ɗaya, ya kawo nasa. Kanel ɗin da ka gyara da hannunka zai iya karanta aikin kowa, ya kwashe kalmomin sirri, ya ɓoye sawunsa, ba wanda zai sani. Da a ce Linux zai bar kowane mai asusu ya yi haka, da tsarin izinin nan duk wasan yara ne, kamar a ce fursuna ne zai zaɓi gandiroba.

Ko da babu mugun nufi ma, kuskure a zobe na 0 ba irin kuskuren manhaja ba ne da za ta rufe kanta a sake buɗewa. A ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa mai matsala da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wa manhajarsa mai aiki a cikin kanel ɗin Windows ya kwantar da kwamfutoci wajen miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka koma takarda da biro. Kamfani ne da ke da ƙwararru ɗaruruwa. Ina ga ɗalibin da ya taɓa mai rabon lokaci da ƙarfe biyun dare.

Ginawa dai hakkinka ne

Mutane da yawa sun saba saka sudo, kalmar aron ikon root, a gaban kowane umarni kamar magi a miya, har suka ɗauka ginawar ma sai da root. Ba haka ba ne. Gina kanel juya rubutu ne zuwa harshen inji, daga fayilolinka zuwa fayilolinka. Takardar bayanin da ke zuwa tare da kanel ɗin ta daɗe da faɗin haka ƙarara, cewa girkawa ce kaɗai ke buƙatar root, har da 'yar barkwanci cewa kada a riƙa ambaton sunan root a banza. Tun lokacin da Linus Torvalds ya sanar da aikin a watan Agustan 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, rubutun ya yi ta kumbura har ya haura layuka miliyan 30, amma dokar ba ta canza ba. Ka sauke shi daga kernel.org, wajen megabayit 140 a dunƙule, ka kwance shi a foldarka ya haura gigabayit 1, ka zaɓi tsari, ka buga make.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kayan aiki. Ana buƙatar gcc da make da flex da bison da bc, da kuma fayilolin libelf da na OpenSSL. In babu ɗaya daga ciki a sabar, ba za ka iya girka shi da apt install ba, domin sai da root. Amma apt download ba ya neman izini, zai sauke maka kunshin kawai, sannan dpkg -x ya kwance maka shi a foldarka, ka nuna wa PATH wurin, wato jerin foldojin da ake neman umarnai a ciki. Akwai ɗan wahala, amma ana yi.

Awa ukun da ya ce ya kwashe kuwa, shi ya jawo wa kansa. Ya kwafi tsarin gina kanel na Ubuntu, wani nau'in Linux, da ke /boot ne, wanda aka shirya don ya tashi a kan kowace irin kwamfuta a duniya, da dubban direbobin na'urorin da bai taɓa gani ba, wato ɓangarorin da ke sa kanel ya iya magana da kowace na'ura. Irin wannan gini, in an haɗa da bayanan binciken kuskure, yana cinye fiye da gigabayit 10 na faifai, a sabar da ake rabawa kuwa wannan kaɗai ya isa ya jawo maka kira daga ofis. Da make defconfig ya yi, da cikin mintuna ya gama. Akwai kuma make localmodconfig mai ɗaukar direbobin da ke kan aiki a kwamfutar kawai. Sannan abu ɗaya da ya dace da mu nan: in wuta ta ɗauke ana tsakiyar gini, kada ka goge komai. Sake buga make, daga inda ya tsaya zai ɗora.

Mene ne make install yake yi da har ake tsoronsa?

Babu tsafi a ciki. Ginin yana haifar da fayil ɗaya mai suna bzImage a cikin arch/x86/boot, shi ne kanel ɗin a matse, da kuma tarin modul, wato ƙananan ɓangarorin da ake ɗorawa in buƙata ta taso. Umarnin make modules_install yana kwafe modul ɗin zuwa /lib/modules. Shi kuma make install yana kwafe kanel ɗin zuwa /boot, ya sa a haɗa masa ɗan ƙaramin tushen fayilolin da zai fara tashi da shi, sannan a sabunta jerin GRUB, manhajar da ke tambayarka da wane kanel za a tashi. Wurare uku, duka mallakar root.

Ana iya karkatar da kwafin. In ka rubuta make INSTALL_MOD_PATH=$HOME/gwaji modules_install, modul ɗin za su sauka a foldarka lami lafiya, shi kuma bzImage da cp kawai za ka ɗauke shi. A nan ne wasu ke murna su ce sun girka kanel ba tare da root ba. Sun dai ajiye inji a tsakar gida, motar tana can da tsohon injinta. GRUB bai san da zaman foldarka ba, kuma ba ka da ikon gaya masa.

Wani zai ce ai akwai kexec, mai ba kanel damar miƙa ragama ga wani kanel ba tare da an kashe kwamfuta ba. Akwai shi, amma yana neman wani iko na musamman da ake kira CAP_SYS_BOOT. Ɗora modul ɗaya tak ma yana neman CAP_SYS_MODULE. Tun kanel 2.2 na 1999 aka yayyanka ikon root zuwa irin waɗannan gutsattsari, kuma waɗannan biyun suna cikin waɗanda admin mai hankali ba ya rabawa, domin mai ɗaya daga cikinsu ya riga ya mallaki gidan.

Tayar da inji a ƙasa

Duk wanda ya taɓa raka wani sayen injin Beljiyam ya ga yadda ake yi. Ba sai an ɗaura shi a mota ba. A nan ƙasa za a ajiye shi a kan taya, a jona batir, a saka tiyo a galan ɗin mai, a tayar, kowa ya ji kukansa, a duba hayaƙi. Abin da na nuna wa yaron nan ke nan, kuma shi ne amsar mutum tara cikin goma masu wannan tambaya, domin abin da suke so a zahiri shi ne su ga kanel ɗinsu yana aiki, ba wai su ƙwace kwamfutar wani ba.

Sunan kayan aikin QEMU, wanda Fabrice Bellard ɗan Faransa ya fara a 2003. Manhaja ce kamar kowace, tana zaune a zobe na 3 da izininka na talaka, sai dai aikinta shi ne ta kwaikwayi kwamfuta sukutum: furosesa, ƙwaƙwalwa, faifai, katin intanet. Abin daɗin shi ne ba ta ma buƙatar GRUB, kai tsaye za ka miƙa mata kanel. A nan kan bencin mai shayi, ta wayarsa muka shiga sabar, muka yi sa'a an riga an girka QEMU a kai, ya rubuta:

qemu-system-x86_64 -kernel arch/x86/boot/bzImage -append "console=ttyS0" -nographic -m 512

Rubutu ya fara zubowa kamar ruwan Agusta, fuskarsa ta washe, sai kuma komai ya tsaya cak da saƙon Kernel panic, wai an kasa samun tushen fayiloli. Ya dube ni kamar wanda aka yi wa sata. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan firgicin albishir ne. Kanel ɗinsa ya tashi, ya ƙirga ƙwaƙwalwa, ya gano na'urori, ya kai inda zai kira manhajar farko ya tarar gida ba kowa.

Gina masa gidan ba wuya. Ana samun BusyBox, fayil ɗaya da ya tattara ƙananan umarnai irin su ls da cp da sh, nau'in da ba ya dogara da wasu fayiloli. Da dabarar nan ta apt download busybox-static muka same shi. Aka buɗe folda, aka saka shi a cikin bin, aka buɗe proc da sys, aka rubuta ɗan fayil mai suna init mai layuka kaɗan da zai ɗaura /proc da /sys sannan ya buɗe wurin rubuta umarni, aka ba shi izinin aiki da chmod +x. Manta wannan izinin ya sa ɗalibai da yawa sun yi asarar yini guda. Sai a dunƙule foldar:

find . | cpio -o -H newc | gzip > ../tushe.cpio.gz

a ƙara -initrd da sunan fayil ɗin a umarnin QEMU. Wannan karon rubutu ya zubo ya tsaya a kan alamar #. Ya buga uname -r da hannu yana rawa, ga lambar kanel ɗinsa ta fito. A cikin wannan 'yar kwamfutar kwaikwayo shi ne root, shi ne sarki, shi ne waziri. Ya ɗora modul, ya goge komai, ya sa kanel ya faɗi sau ɗari, sabar da ke waje ko gezau. In ya gaji ya danna Ctrl da a, sannan x, ya fito.

Akwai ma abin da QEMU ke ba ka wanda kwamfutar gaske ba ta bayarwa cikin sauƙi. In ka ƙara -s -S, za ta tsayar da kanel tun kafin ya ɗaga ƙafa, ta jira ka jona gdb, manhajar binciken kuskure, ta tasha 1234, ka bi shi layi bayan layi kana kallon abin da ke cikin kowane ma'aji. A ƙara nokaslr a cikin -append don kada kanel ya sauya mazauninsa a ƙwaƙwalwa. Intanet ma ana samu ba tare da root ba, domin QEMU tana da nata ƙaramin tsarin sadarwa da ke ba wa baƙo, wato kwamfutar kwaikwayon, adireshi 10.0.2.15. In kana son faifai na sosai maimakon wannan ɗan ƙunshi, mke2fs -d yana gina hoton faifai daga folda ba tare da an ɗaura komai ba. Masu aikin kanel na yau da kullum kuma da yawa suna amfani da virtme-ng, wanda ke yi maka duk wannan hidima da umarni ɗaya.

Sai maganar sauri, wadda ita ce ta fi shafar yaron nan. QEMU ita kaɗai tafinta ce, tana juya kowane umarnin inji kafin a aiwatar, don haka tafiyar hawainiya take yi. Maganin shi ne KVM, wanda ya shiga kanel 2.6.20 a farkon 2007, mai barin furosesa ta gaske ta yi aikin baƙo kai tsaye. Ƙofarsa fayil ne, /dev/kvm, kuma a yawancin tsare-tsare 'yan rukunin kvm ne ke iya buɗe shi. A sa ka a wannan rukuni ƙaramar alfarma ce, ba ta kama ƙafar neman root ba, kuma admin ɗin da ya san aikinsa ba ya cika jan rai a kanta.

Wasu ƙofofi biyu, da wata da zane ce kawai a bango

Akwai tsohuwar hanya da Jeff Dike ya fara a ƙarshen shekarun 1990, User-mode Linux. A nan kanel ɗin kansa ake ginawa a matsayin manhaja ta talaka. Ka buga make ARCH=um defconfig sannan make ARCH=um, a wani kwafi daban don kada ya ɓata maka ginin farko, sai ka samu fayil mai suna linux da za ka tayar kamar kowane. Ba QEMU, ba KVM, ba roƙon kowa. Har yau KUnit, tsarin gwajin da ke cikin kanel, da shi yake aiki in ba a ce masa wani abu daban ba. Rauninsa shi ne ba ya taɓa ɓangarorin da suka shafi ƙirar furosesa ta gaske.

Ga masu Windows kuwa, waɗanda su ne mafi yawa a ofisoshi da makarantunmu, in an riga an kunna WSL2, tsarin da ke tafiyar da Linux a cikin Windows, a kwamfutar, akwai fayil mai suna .wslconfig a foldarka ta mai amfani. Ka rubuta kernel= da inda kanel ɗinka yake, ka buga wsl --shutdown, ka sake buɗewa, shi ke nan. Kunna WSL2 karon farko ne ke neman admin. Sai dai ya kamata ka fara daga tsarin da Microsoft ta wallafa na kanel ɗinta, in ba haka ba direbobin da yake buƙata ba za su kasance ba.

Wadda zane ce kawai ita ce kwantena, wato keɓaɓɓen wurin da manhaja irin su Docker ke killace wasu manhajoji a ciki. Da yawa suna zaton tunda a cikin Docker suna ganin kansu a matsayin root, to za su iya canza kanel. Kwantena ba ta da kanel nata, na mai masauki take ara. Buga uname -r a ciki ka gani. Haka ma unshare -r, wanda tun kanel 3.8 na 2013 yake iya nuna maka sunanka ya koma root in ba a toshe shi ba, rawanin 'yan tashe ne. Gwada ɗora modul da shi ka ji amsa. Shi ma fakeroot sunansa ya faɗi gaskiyarsa: ƙarya yake shirga wa manhajoji cewa fayiloli na root ne, don a iya haɗa kunshi, ba ya ƙara maka iko ko na anini. Abin mamakin shi ne akasin haka: admin ɗin da ya hana ka sudo amma ya saka ka a rukunin docker ya kulle ƙofa ne ya bar maka taga a buɗe, domin ɗan wannan rukuni root ne a fakaice.

In dole sai ƙarfe na gaske

Na gaya wa yaron gaskiya cewa QEMU za ta kai shi nesa amma ba za ta kai shi gida ba. Don gano ko gyaransa yana aiki, ko yana kayar da kanel, ta wadatar. Amma alƙaluman saurin da zai saka a babi na huɗu, in daga kwaikwayo zalla ya ɗebo su, duk malamin da ya san abin zai yi watsi da su. Ko da KVM ma, kanel ɗin waje yana raba furosesa tsakaninsa da sauran ɗalibai, ga shi kuma abin da yake aunawa rabon lokaci ne. Haka mai rubuta direban wata na'ura, dole wata rana ya jona ta.

Akwai wata hanya da mutane kaɗan suka sani. Kwamfutocin zamani masu UEFI, manhajar da ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, suna iya tashi daga filasha mai tsarin FAT32 in sun tarar da fayil mai suna BOOTX64.EFI a cikin EFI/BOOT. Kanel ɗin Linux kuma, tun 3.3 na 2012, in an kunna masa CONFIG_EFI_STUB, shi da kansa yana iya zama wannan fayil. Ka cusa ɗan tushen fayilolin a cikinsa tun wajen gini, ka kwafe bzImage a filasha da wancan suna, kwafi irin na kowa ba tare da root ba, ka sake kunna kwamfuta ka zaɓi filasha. Ba a taɓa /boot ba, ba a taɓa GRUB ba.

Wannan ya nuna inda ainihin kwaɗon yake: a jikin ƙarfen. Wanda ya iya tsayawa gaban kwamfuta ya tayar da ita da abin da ya ga dama, zai iya karanta duk abin da ke faifanta in ba a rufe shi da sirri ba. Shi ya sa ake saka kalmar sirri a BIOS, wato saitunan tashin kwamfuta, shi ya sa kuma aka kawo Secure Boot, wanda ya yaɗu tare da Windows 8 a 2012, mai ƙin tayar da duk abin da ba shi da sa hannun da aka yarda da shi. Kanel ɗinka ba shi da wannan sa hannu. Ana iya shigar da mabuɗinka da mokutil, amma sai da root, sannan sai mutum ya tsaya gaban allon ya tabbatar da hannunsa lokacin tashi. Masu gyaran waya a kasuwar Wunti sun san wannan doka ko da ba su san sunanta ba. Wayar Android ma kanel ɗin Linux ne a cikinta, kuma kafin a canza shi sai an kwance kullen mai tayar da ita, ita kuma wayar ba ta yarda sai ta goge duk abin da ke ciki. Don haka dabarar filasha a kwamfutarka ce, ko wadda mai ita ya ce maka bismillah.

Shi da kansa ya taɓo ɗaya maganar, cikin raɗa. Wai ya ji akwai ramuka. Akwai mana. Dirty COW da aka bankaɗo a Oktoban 2016, da PwnKit a Janairun 2022, duka sun ba mai ƙaramin asusu damar zama root, kuma sabar da aka daɗe ba a sabunta ba tana iya kasancewa da irinsu. Na ce masa wannan ba girka kanel ba tare da root ba ne, satar root ce, sunanta ke nan ko a gaban kwamitin ladabtarwa ko a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015. Shekara huɗu ta karatu ba abin jefawa a rijiya ba ce saboda jadawali ɗaya.

Abin da ya fi shi ne ka rage wa admin aiki da fargaba. Umarnin make bindeb-pkg yana haɗa maka kanel da modul ɗinsa a kunshin .deb ba tare da root ba. Ka ba shi suna na daban ta LOCALVERSION don kada ya hau kan na asali. Admin zai girka da dpkg -i, tsohon kanel yana nan a jerin GRUB, har ma zai iya amfani da grub-reboot ya ce a tashi da sabon sau ɗaya tak, in an sake kunnawa a koma na da. In an gama a cire shi kamar kowane kunshi. Duk da haka ban ga laifin Malam ba in ya ce ba a sabar jama'a ba. Kunshi mai tsafta bai canza gaskiyar cewa abin da ke ciki zai zauna a zobe na 0 ba, kuma Malam ba zai iya tantance abin da aka cusa a ciki da ido ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ba shi shawara ya koma da buƙata biyu a rubuce, da sa hannun malamin da ke duba aikinsa: a saka shi a rukunin kvm, a kuma ara masa wata tsohuwar kwamfuta da ba kowa a kanta. Shekaranjiya ya kira ni. An ba shi duka biyun. Kwamfutar daga sito aka zaƙulo ta, sai da ya hure mata ƙura da abin hura wuta na mai shayi, kuma a kanta shi ne root ɗin gaske.

"To ya aka ƙare?"

"Yaya, ta tashi, uname ya nuna 6.6.0-gwaji1. Sai dai ba intanet, katin ma ba ta gan shi ba."

Na ce ya koma tsohon kanel ya buga lspci -k ya ga sunan direban da katin ke amfani da shi, ya kunna shi a menuconfig, inda ake zaɓen abin da za a gina a kanel. Ya ce ai har ya gano, ginin ma yana tafiya, jira kawai yake kada a ɗauke wuta kafin magariba.